Ranar da Baffa Ya Ɓoye Shanunsa

Ni dai tun ina yaro an san ni da saurin hawa, kuma duk duniya ba mai iya tunzura ni nan take kamar Baffa. Ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayena, shi ya sa ni makaranta har na zama malamin sakandare a Kalgo. Ina son sa har cikin raina, amma wallahi in mutumin nan ya kafe a kan abu, gara ka je ka yi gardama da turmi.

Gidanmu yana bayan garin Gwandu, ta gefen Masama. Fili ne mai faɗi, ga rijiyar da kakana ya gina da hannunsa, ga garke a yamma da ita, ga 'yar gonar gero. Fulanin zaune ne mu, Fulatancin ma ya kusa ƙare mana, sai na kiran shanu da na faɗa. Da can in ka tsaya bakin rijiyar ba ka hango komai sai sabara. Sai gari ya yi ta matsowa, yau kwano ya tashi nan, gobe bulo ya tashi can, har wata safiya Baffa ya fito ya tarar an kafa turaku masu jan fenti dab da rijiyar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya kai wa Inna, matarsa, ta dafa tuwo da su.

Masu turakun suka dawo, 'yan yanka filoti ne, suka ce wani ya sayar musu da gefen nan kuma suna neman takarda a kai. Dagaci ya ce kowa ya san filin na gidanmu ne tun kafin a haife shi, kuma zai ba da shaida, amma zamanin nan shaidar baki ba ta tsayawa ita kaɗai. Ya ce mu yi maza mu nemi takardar mallaka kafin waɗancan su riga mu. In suka riga mu, rijiya ta tafi, in rijiya ta tafi kuwa garke ba zai zauna ba.

Ni aka ɗora wa zirga-zirgar, tunda ni ne mai boko kuma mai babur. A ofishin filaye aka lissafa mini abubuwan da za mu kawo, duk na ce ba damuwa, sai da aka zo kan ɗaya: takardar shaidar cewa Baffa ya biya harajinsa na shekara uku da suka wuce. Na yi turus. Ni haraji na san shi ne kawai a matsayin abin da ake yanka daga albashina tun kafin ya iso hannuna, in duba in yi tsaki in wuce. Ban taɓa sanin mai sana'ar kansa yana zama duk shekara ya bayyana abin da ya samu a rubuce ba.

Ina fitowa wani mutum mai faffaɗan murmushi ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce in ba shi wani abu, jibi zan ga takarda da hatiminta, ba sai tsoho ya wahala ba. Har zuciyata ta karkata. Allah ya taimake ni na yi shawara da wani abokin aikina mai koyar da lissafi. Ya ce, "Kai, kada ka soma! Yanzu duba lambar suke yi a kwamfuta. In ta fito jabu, ba takardar kaɗai za ta mutu ba, har maganar filin." Shi ya kwatanta mini ofishin wata Hajiya a nan Kalgo, kusa da masu kwafin takardu na 'yan jami'a. Ya ce tana da lasisin aikin haraji, ita take shirya wa 'yan kasuwa bayanansu ta sa hatiminta, kuma ba ta sa shi a kan ƙarya ko da za ka kwana kana roƙo.

Kai Baffa ofishin nan kaɗai sai da ya ci mini mako. Ya ce shi ya fitar da zakka, me kuma ake nema? Na ce wancan na Allah ne, wannan na hukuma. Ya ce to hukumar ta je ta tambayi Allah. A ƙarshe dai ya hau bayan babur ɗina, ya riƙe sandarsa a gicciye, muka taho muna share gefen hanya da ita.

Hajiyar gajera ce mai tabarau, ga fara'a. Ta tashi ta gaida Baffa har ƙasa, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambayi gida da dabbobi da damina. Na ce a raina yau aiki ya yi sauƙi. Sai ta ɗauki biro.

"Baba, a shekara kamar me kake samu?"

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa.

"Madalla. Shanun kamar guda nawa ne?"

"Suna nan."

"Bara ka sayar da wasu?"

"Allah shi ka sani."

Haka suka yi ta yi. Ita tana tambaya cikin ladabi, shi yana amsawa cikin ladabin da ya fi nata, takarda kuwa fara tas. Ni na san dalili. A gidanmu ba a faɗin yawan shanu. Ba a nuna su da yatsa a ƙirga, ba a yaba su da ƙarfi, saboda baki. Baffa ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, in ɗaya ta ɓace kallo ɗaya zai yi wa garke ya gane, amma ko Inna ba ta taɓa jin lamba daga bakinsa ba. Na san duk wannan, amma na sha rana na ƙona mai, sai kawai na ji kaina ya ɗau zafi.

"Haba Baffa! Don Allah wane irin abu ne wannan? Fili ake shirin ƙwacewa, kai kana nan kana alhamdu lillahi!"

Ya juyo a hankali ya dube ni. "To mi kaka son in ce, Malam? In ce ban gode ba?"

Hajiya ta ajiye biro ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ta ce in bar tsoho ya huta, ofis ba wurin wannan hira ba ne. Ta ce ita za ta zo gida ranar Asabar ta gaida Inna, ta ga wurin da idonta. Na ji daɗi ƙwarai. A hanya na yi ta yabon ta, ina cewa ka ga mai haraji da kanta za ta tako har gida. Da na san abin da kalmar "mai haraji" take kunnawa a zuciyar Baffa, da na riƙe bakina.

Ranar Asabar da hantsi na shige gaba a babur, Hajiya na biye a 'yar motarta. Tun daga nesa na ga wani abu bai yi daidai ba. Ba ƙugi, ba motsi. Muka iso, garke wayam! Garken da na tashi a cikinsa, wanda in ka shiga sai ka yi ta ture ƙaho, ba komai a ciki sai wata tsohuwar saniya mai ɗingishi da aka ɗaure a turke, tana kallon mu kamar ita ma abin ya ba ta kunya. Kashin shanu kuwa ga shi nan ko'ina, ɗanye shar, ƙudaje na ta biki.

Sai ga Baffa ya fito. Wayyo ni! Mutumin da ko rijiya zai je sai ya gyara zaman hula, yau ya sa wata yagaggiyar riga da na tabbata daga shimfiɗar jaki ya ciro ta. Har wani tari ya ƙirƙiro.

"Maraba da Hajiya. Kin dai gani, haka muke hwama. Shekarun ga sun yi muna nauyi."

Na ja shi gefe. "Baffa, ina shanu?"

"Waɗanne shanu?"

"Baffa!"

Ya rage murya. "Tun da asuba 'yan'uwanka sunka kora su wajen Ceberu, gidan surukina. Kai dai yi shiru. Haka ubana ka yi in mai jangali za shi zo."

Jangali shi ne harajin da ake karɓa a da kan kowane kan saniya, kuma an daɗe da daina shi a wajenmu, tun kafin a haife ni. Amma Baffa ya gan shi da idonsa yana ƙarami, kuma ashe bai taɓa fita daga ransa ba. Na rasa abin yi, in yi ihu ne ko in yi dariya. Na ce masa matar nan mu muka ɗauke ta aiki, mu za mu biya ta. Ya ce duk mai biro ɗaya ne.

Hajiya ba ta nuna ta ga komai ba. Ta tsallake kashin shanun nan da takalminta mai kyau, ta ce wa tsohuwar saniyar sannu, ta zauna a tabarmar da aka shimfiɗa mata a inuwa. Abin da Baffa bai lissafa ba shi ne Inna. Ya gaya mata a ɓoye shanu, amma bai isa ya gaya mata a bar baƙuwa da yunwa ba, shi kansa ma ba zai iya furta hakan ba. Sai ga Inna da ƙatuwar ƙwarya cike da kindirmo mai kauri, ga fura, ga wata ƙwaryar ta madarar safe, ga curin man shanu a cikin ruwa wai na tsaraba. Tana ajiyewa tana ba da haƙuri, wai ba yawa.

Hajiya ta kai ludayi baki, ta lumshe ido. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi tsohuwar saniyar.

"Masha Allah, Baba. Wannan baiwar Allah ita kaɗai ta yi wannan aiki?"

"Tana ƙoƙari," in ji Baffa, ko ƙifta ido bai yi ba.

Bai rufe baki ba sai muka ji kuka daga ɗakin Inna, siriri mai tsawo. Ɗan maraƙi ne sabon haihuwa, ƙafarsa ba ta yi ƙwarin tafiya Ceberu ba, sai aka sa shi bayan gadonta aka rufe ƙofa. Baffa ya yi tari don ya danne kukan. Maraƙi ya ƙara. Baffa ya ƙara tari. Inna ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Can sai muka ji amsa daga nesa, ta bayan gonar gero. Uwar ce. Ashe tun a hanya take turjewa, da ta samu sarari sai ta juyo. Ta shigo a guje, hantsarta cike, ta wuce mu ta tsaya ƙofar ɗakin Inna tana kira. Shanu kuwa in ɗaya ta kama hanyar gida sauran ba sa tsayawa shawara. Kafin mu farga ga su nan tururu, farare da jajaye, suna shiga garke kowace na neman wurinta. Daga ƙarshe sai ga 'ya'yan Baffa, manyan magidanta da gemunsu, suna haki, sanduna a hannu, sun kasa haɗa ido da kowa.

Na yi dariya har na faɗi daga kan turmin da nake zaune. Inna ta shige ɗaki tana salati tana dariya. Hajiya ta rufe fuska da gyale. Baffa kaɗai ne bai yi ba. Ya zauna cikin yagaggiyar rigarsa, ya sunkuyar da kai, sai na ga ya rungume sandarsa yana satar kallon Hajiya da shanun. Nan dariyar ta tsaya mini. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ban taɓa ganin haka a tare da shi ba.

Hajiya ta matso kusa da shi. Ta ce, "Baba, dube ni. Ni ba hukuma ba ce, kai ka ɗauke ni. Kuma harajin yanzu ba na kan saniya ba ne. Ba mai ƙirga maka masu rai, ni ma ba zan ƙirga ba. Abin da ya shigo hannunka ake dubawa, bayan an cire abin da ka kashe a kansu." Ta ƙara da cewa, "Amma in kana so in rubuta ba ka da komai, ba zan sa hatimina ba. Ko na sa ma, masu turakun nan ka yi wa aiki. Za su ce ga shi da bakinsa ya ce ba kiwo a nan, to me zai yi da rijiya da wannan fili?"

Baffa ya kau da kai. Yana kallon rijiyar. Da ya buɗe baki, ba da Hajiya yake magana ba, ba kuma da ni ba.

"Ubana ya yi shekaru yana ɓoyo. In anka ce ga su nan, sai mu shige fadama da dabbobi, sauro na cin mu, mu yi shiru. In sunka zo su iske kango, su rubuta ba kowa. Muna murna mun ci riba." Ya girgiza kai. "Yanzu an buɗe takardunsu an ce ba a san da mu ba. To ina za a san da mu? Mu munka ce ba mu nan."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Duk faɗan da na tanada ya bi ruwa.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito, farar rigarsa ta Juma'a ce a jikinsa, hula ta zauna daidai. Ya ce, "To ɗiyata, tambayi."

Yadda ta yi aikin ya burge ni har yau. Ba ta sake cewa nawa ba a kan garke. Sai ta ce, "Baba, shekarar da ta wuce, wace ce ta fita, kuma me ya fitar da ita?" Ai kuwa kamar ta buɗe famfo. Wanda ya fita ba a jin tsoron baki a kansa, cinikinsa ma a bainar kasuwa aka yi gaban dillali. Baffa ya shiga ba da labari. Ɗan jar saniyar nan ya tafi saboda rufin ɗaki. Karsanar da ba ta ɗaukar ciki ta tafi gab da babbar salla. Wani bijimi ya tafi shekarar da gero ya ƙi. Kowanne da kasuwar da aka kai shi da abin da aka saya, har da dillalin da ya so ya cuce shi. Ya nuna babur ɗina da sanda ya ce, "Wancan ma da ƙaho garai, kuma ya hi mai shi haƙuri." Na haɗiye, don gaskiya ce: sa aka sayar aka saya mini shi.

Da ya ambaci wata saniya, sai Inna ta leƙo ta ce a'a, waccan tata ce, ta gadon uwarta, kuɗin ma ita ta karɓa. Hajiya ta soke ta daga lissafin Baffa. Ta tambayi na nono, Inna ta ce nono ai na mata ne tun fil azal, kada wanda ya sa mata ido. Aka bar mata abinta. Daga nan aka koma kan abin da ake kashewa: dusa, kanwa, allurar rigakafi, maganin tsutsa, harawar rani. Nan Baffa ya ware sosai, don ba abin da yake so kamar a tambaye shi wahalar da yake sha. Har sai da Hajiya ta ce, "Baba, a bar wa gobe saura."

Ta koma ofis ta tsara komai shekara-shekara, ta kira mu ta karanta masa da Hausa tun daga farko har ƙarshe, ta ce in akwai inda bai yarda ba ya faɗa. Ya gyara mata wuri ɗaya, ya dangwala yatsa, ta buga hatiminta. Ta ce kuɗin a banki za a biya, kada mu miƙa wa kowa a hannu, kuma mu adana rasit. Abin da aka yanka masa, har da ladan aikinta, raguna ne suka biya, ba a taɓa ko saniya ɗaya ba. Baffa ya yi ta juya rasit ɗin yana cewa, "Wanga ɗan abu munka kwana cikin sauro saboda shi?" Na ce ai ba irinsa ba ne. Ya ce in rufe masa baki.

Takardar shaidar ta ɗan ja lokaci, na yi ta sintiri ina ƙorafi, Hajiya na ce mini in sha ruwa in zauna. Da ta fito na haɗa da wasiƙar dagaci da sauran abubuwa na kai ofishin filaye. Masu turakun sun je su ma, amma wanda ya sayar musu ya kasa kawo ko mutum ɗaya da zai tsaya masa. Aka sa ranar da ma'aikata za su zo awo.

Na kwana a gida don in tarbe su. Da safe babban ɗan Baffa ya zo ya durƙusa, ya tambaya ko a fita da shanu kiwo da wuri, tunda baƙin hukuma na tafe. Na ga tsohon tsoron ya gifta a fuskar Baffa, na ɗan lokaci kaɗan. Sai ya ce a'a. Ya ce yau ba mai fita. Ya sa aka kawo su duka bakin rijiya, manya da ƙanana, har da tsohuwa mai ɗingishi, har da maraƙin da ya tona mana asiri, wanda ya riga ya yi wayo yana ta tsalle.

Motar ta tsaya, mutane suka fito da na'urar awo mai ƙafa uku da duwatsun siminti na iyaka. Suka tarar da tsoho cikin farar riga tsaye a tsakiyar shanunsa, hannunsa ɗaya a kan bakin rijiya. Shugabansu ya gaishe shi, ya buɗe takarda, ya ce ko za a ɗan kawar da dabbobin su samu hanya.

"Za a kawar," in ji Baffa. "Amma ka hwara dubin su da kyau. Ka rubuta ka iske mu nan."

Mutumin ya yi murmushi ya rubuta. Ni kuwa, mai saurin hawa, malamin makaranta da gemuna, sai na zagaya bayan ɗakin Inna na yi kukana na share ido. Da na dawo an kafa dutsen farko a gabas da rijiya, simintin bai ko bushe ba, Baffa na tsaye yana korar maraƙin nan da ke son sosa wuya a jikinsa.